Mai Tahiya

"Hidaya, don Allah mai gidan yana ciki?"

Mamudu ya ji muryar daga ɗaki, lomar ɗumame tana hannunsa, sai ya kasa kai ta baki. Muryar Jummai ce, matar Malam Ladan, maƙwabcinsu na jikin katanga. Rabonta da tako gidan nan tun kafin azumi, ba don an yi faɗa ba, sai don ta gane ba a son ganinta.

"Ya fita, Yaya," in ji Hidaya, matar Mamudu.

Ƙarya ce wadda ko yaro ba zai saya ba. Keke Napep ɗin Mamudu yana tsaye a tsakar gida, injinsa bai gama hucewa daga jigilar 'yan makaranta ba, ga kuma takalmansa a bakin ƙofa. Ta ramin labule ya hango Jummai ta dubi keken, ta dubi takalman.

"Jikin Malam ne," ta ce. "Tun asuba yake riƙe ƙirji. Na fita titi, duk mai keken da na tsayar, da na faɗi layin sai ya ja. In ya dawo ki gaya masa."

Ta juya ta fita, ta ja musu ƙyauren a hankali.

Malam Ladan ma'aikacin ƙaramar hukuma ne. Kullum da safe yakan tafi Maikunkele, amma aikinsa ba na zaman kujera ba ne. Shi aka ɗora wa haɗa kan unguwanni da jami'an tsaro. Shi ne zai kai baturen 'yan sanda gaban mai unguwa, ya zaunar da 'yan sintiri da 'yan sibil difens a tabarma ɗaya, ya lallashi wannan, ya ba wancan haƙuri. In 'yan sintiri suka kama ɓarawon akuya, shi ke rugawa ya roƙe su kada su taɓa lafiyarsa, su miƙa shi ofis. In aka kwashe yara a samame, shi iyaye ke tasowa daga barcin rana. Mashin ɗinsa ya daɗe da mutuwa, saboda haka sau da yawa motar 'yan sanda ce ke rage masa hanya, yana gaba kusa da taga.

Kuma mutum ne mai jarabar gaisuwa. Ko akuyarka ya gani sai ya tambaye ta mutanen gida. Tawayarsa ɗaya ita ce hannun da yake gaisuwar da shi. Yana yaro injin markaɗe ya kama masa hannun dama, yatsu uku suka nannaɗe cikin tafi ba su sake buɗewa ba, babban yatsa ya kwanta a kansu, manuniya kaɗai ta tsira a miƙe. In ya ɗaga hannu sai ka rantse zaman tahiya yake yi. Daga nan aka laƙaba masa Mai Tahiya, kuma duk Layin Maƙera babu wanda bai taɓa tsokanarsa da sunan ba. Shi ma dariya yake yi, ya ce ai gara shi, ko barci yake yana cikin ibada.

Ana nan sai wata Talata motar 'yan sanda ta biyo ta bakin layi da shi a ciki. Sadiq mai sayar da fetur a jarka yana zaune gaban teburinsa, Malam Ladan ya zuro hannu ta taga ya gaishe shi. Washegari aka zo aka tafi da Sadiq, aka ce yana kai wa mutanen daji mai. Wani da yake ɗaukar bidiyon wani abu daban a ranar ya duba wayarsa, sai ga mota, ga hannu, ga yatsa a miƙe saitin Sadiq. Kafin la'asar bidiyon ya zagaye wayoyin Bosso, an rubuta kalma ɗaya a ƙasansa: infoma.

Waɗanda ba su san Malam Ladan ba suka gaskata. Waɗanda suka san shi, suka san hannun tun suna yara, su ne abin mamaki, don shiru suka yi. Mamudu yana cikinsu. Ba wai ya yarda ba ne. Amma bayan 'yan kwanaki wasu baƙi biyu a kan mashin suka tsaya wurin mai shayi, ba su sha komai ba, suka tambaya ina ne gidan mai nuna mutane da yatsa. Da za su tafi ɗaya ya ce, "Ku gaya wa 'yan layin, duk wanda ya ɗauki kayansa, tare za su sauke."

Philip mai kemis ne ya fara gwadawa. Ya shiga gidan ya auna wa Malam jini, ya ba shi magani. Aka wayi gari an kwarara fetur a ƙofar shagonsa. Ba a kunna ba, an dai ajiye kwalin ashana a kan dandamali, an jera shi daidai kamar kayan sayarwa.

"Ni na ji saƙo," in ji Philip, yana wanke ƙofar da omo. "Yarana ƙanana ne, Mamudu. Allah ya gani, na ji saƙo."

Gemun Philip bai ma kama wuta ba, amma kowa a layin ya shafa wa nasa ruwa. Aka daina amsa sallamar Malam Ladan. In ya doso majalisa sai kowa ya tuna da wani uzuri. A masallaci akan bar masa fili dama da hagu, shi da a da ake matsowa kusa da shi don a ji labarin ofis.

Yanzu Mamudu yana zaune, ɗumame ya huce, yana jin numfashin mutumin ta cikin katanga. Bulo ɗaya ne tsakanin ɗakunansu. Numfashin yana ja yana tsayawa, kamar ana jan guga mai nauyi daga rijiya.

Hidaya ta shigo ta tsaya a kansa. "Kada ka ce za ka."

"Ban ce komai ba."

"Na ga idonka. Keken nan shi ne cinmu, shi ne shanmu. Kuma ba keken nake ji ba, kai nake ji, da yaran nan. Su da suke da mota a ofis, ta kira su mana."

Wannan shawara ta yi wa Mamudu daɗi ƙwarai, har ya ji kamar an sauke masa dutse. Ya fita bayan gida inda katangar ta ɗan rushe, ya leƙa, ya yi gyaran murya. Jummai ta fito da kofi a hannu. Ba ta tambaye shi yaushe ya dawo ba, shi kuma ya gode mata a zuci.

"Yaya, me zai hana a kira mutanensa? Mota ta fi keke sauri."

"Ya hana." Ta share ido da bakin mayafi. "Na ɗauki wayar ya riƙe ni. Ya ce in motar 'yan sanda ta shigo ta ɗauke shi, shi ke nan an tabbatar, kuma ba mai sake zama da jami'an tsaro a layin nan har abada. Ya ce shekarun da ya yi yana haɗawa kada in rushe masa a yini ɗaya. Wai maƙwabci zai kai shi."

"Wane maƙwabcin?"

Ta dube shi kawai.

Tsoro na daji, kunya na gida. Mamudu ya koma ya ɗauki makulli, Hidaya ta bi shi da ido, ta janyo ƙaramar 'yarsu ta rungume. Dabara ɗaya ta zo masa. Ya kwance labulen tamfol na gefe da gefe, wanda ake saukewa in ana ruwa, ya ɗaure shi tsaf. Ranar Minna tana tsakiyar dukan mutane, ko gajimare babu, shi kuma ga shi da keke a lulluɓe. Wanda duk ya gani ya san akwai abin da ake ɓoyewa, amma mai tsoro ba ya lissafi.

Ya tarar da Malam Ladan a kan tabarma ya jingina da bango, ya jiƙe sharkaf da gumi, leɓɓansa sun yi fari. Mutumin ya rame fiye da yadda Mamudu ya zata, sai a lokacin ya tuna ya daɗe bai dube shi a fuska ba.

"Direba," in ji Malam Ladan, yana murmushi da ƙyar. "Ina gajiya? Ya yaran?"

"Lafiya lau, Malam. Sannu. Mu je."

Suka tallafe shi shi da Jummai, suka sa shi a baya, ta zauna ta riƙe shi. Ba su yi nisa da ƙofar gida ba ya fara kokawa da numfashi.

"Iska," ya ce. "Mamudu... ɗage min wannan abu."

"Malam, mu fita layi tukuna."

"Zai shiɗe," in ji Jummai. Ba ta jira izini ba ta fincike igiyar, tamfol ɗin dama ya faɗi gefe.

Layin Maƙera hanya ɗaya gare shi, kuma dole ta bi da kai ta gaban majalisa, gindin mangwaro, inda maƙera da masu faci ke shan inuwa. A cike take. Mamudu ya sunkuyar da kai kamar hakan zai ɓoye lambar da ke rubuce ɓaro-ɓaro a jikin kekensa. Ta madubi ya ga abin da yake gudu. Malam Ladan ya ga mutane, hali kuma zanen dutse, hannun ya tashi.

Abin da ya biyo baya, da a wani lokaci ne da an yi dariya. Dattawa masu furfura suka riƙa kaucewa yatsan kamar bakin bindiga. Wani ya duƙa yana neman abin da bai yar ba, wani ya juya baya, mai faci ya shige bayan tayar mota. Philip yana ƙofar shagonsa, ya ɗaga hannu rabi, ya fasa, ya sosa kai da shi.

"Malam, don girman Allah sauke hannun nan," in ji Mamudu.

"Gaisuwa ce."

"Na sani. Sauke dai."

Hannun ya sauka. Suka hau kwalta, iska ta ɗan shigo. Mamudu yana tuƙi yana duban madubi, kowane mashin ya gani sai gabansa ya faɗi, kuma Bosso ba abin da ya fi mashin yawa. Tambayar da ta daɗe tana cin sa ta fito da kanta, ba tare da ya shirya ba.

"Malam, Sadiq ɗin nan... nuna shi ka yi?"

Jummai ta ɗago a fusace, amma mijin ya taɓa ta.

"Uwarsa ba ta da lafiya a lokacin," ya ce, yana hutawa tsakanin kalmomi. "Cewa na yi, ya mai jiki. Ban san ma ana nemansa ba. Ba a gaya min irin wannan, Mamudu. Ni nawa... in an ɓata, in gyara." Ya ja numfashi. "Kai ma ka tambaya."

Bai faɗe ta da zafi ba, kuma da ya yi zagi da ya fi sauƙi. Mamudu ya ji kunya ta rufe shi tun daga kai har ƙafa, amma ko kunyar ba ta kori tsoron ba, zama suka yi tare.

Kusa da ƙofar jami'a suka tarar da cunkoso. Wata motar doya ta lalace a tsakiyar hanya, ɗalibai suna tsallakawa ta ko'ina, masu keke suna ta hon. Mamudu ya kutsa nan ya kutsa can, ya zo inda ba gaba ba baya. A nan ne ya gan su a madubi: mashin, mutum biyu, na bayan ya rufe hanci da baki da ƙyalle. Tun daga bakin layi ya ga kamar ya gan su, ya ce wa kansa ido ne. Yanzu suna silalowa tsakanin motoci, ba sa sauri, har suka zo daidai gefen da labulen ya faɗi suka sa ƙafa a ƙasa.

Sai hannun Malam Ladan ya sake tashi. A hankali ya tashi, yana rawa, yatsan a miƙe, saitin fuskar mai ƙyallen.

Mamudu bai san lokacin da ya juya ba. Ya miƙa hannu baya ya cafke hannun, ya danne shi a kan gwiwar mutumin, ya riƙe da ƙarfi.

"Malam, ka rufa min asiri," ya ce. "Ina da yara."

Mai ƙyallen ya leƙo. Ya dubi Malam Ladan, ya dubi lambar keken, sannan ya dubi Mamudu ya daɗe.

"Sannu da ƙoƙari, direba," ya ce.

Na gaban ya ja mashin, suka bi ta gefen kwata suka ɓace cikin mutane. Ko su ne, ko wasu ne masu wucewa da suka ga mara lafiya, Mamudu bai sani ba, kuma ya gane ba zai taɓa sani ba sai ranar da suka so. Yana nan riƙe da hannun, ya manta yana riƙe da shi, sai ya ji muryar Jummai ƙasa-ƙasa.

"Sake shi, Mamudu. Ba gaisuwa yake ba."

Ya dube ta. Kunnenta yana daidai bakin mijin, leɓɓanta suna bin nasa. "La'ilaha illallah," take cewa, "la'ilaha illallah." Nasa leɓɓan sun motsa sau ɗaya, ba su ƙara ba.

Mamudu ya saki hannun. Bai tashi ba. Ya zauna a kan gwiwa inda aka danne shi.

Duk da haka sai da suka ƙarasa asibiti, don ba wanda ya iya cewa a juya. Wata ma'aikaciya ta fito ta duba shi a cikin keken, ta kira likita, likita ya duba ya ce sai haƙuri. Suka juyo. Jummai ta lulluɓe shi da mayafinta ta rungume, ba ta yi kuka da sauti ba. Wannan karon Mamudu bai ɗaure labule ba. Wanda zai gani ya riga ya gani.

Da suka shigo layi majalisa ta miƙe tsaye, amma ba wanda ya matso. Philip ne ya tsallako titi, yana waige-waige, ya kama ƙafafun suka shigar da shi.

Alfa, limamin masallacin layin, tsoho ne da idonsa ya fara rauni. Ya zo da kansa, ya aika a kira masu taya shi wanka, aka dawo aka ce wannan ya tafi Gidan Kwano, wancan cikinsa na ciwo.

"To," in ji Alfa. "Mamudu, kai za ka zuba min ruwa."

Hidaya tana tsaye a wurin rusasshiyar katangar lokacin da ya zo ɗaukar buta. Ya jira ta yi magana. Sai ta miƙo masa sabulu da turare ta kan bulo.

"An riga an gan ka," ta ce. Idonta ya yi ja. "In ka gama ka dawo gida. Kada ka tsaya ko'ina."

Wurin wankan Alfa ya kama hannun daman, ya gwada buɗe yatsun nan uku, suka ƙi, ya gwada lanƙwasa manuniyar, ita ma ta ƙi.

"Bar shi yadda Mai shi ya bar shi," ya ce. "Wasu sai an tuna musu kalmar shahada. Shi da abinsa zai tafi."

Mamudu ya ɗaga buta. Ruwan butar yana zuba a karkace, Alfa ya gyara masa hannu.

Kafin la'asar baturen 'yan sanda ya kira wayar mamacin, Jummai ta ɗauka. Ya yi ta'aziyya, ya ce za su zo da motoci su raka shi. Mamudu yana zaure yana ji ta ce a'a. Ta ce Malam ya bar magana: duk wanda zai zo a cikinsu, ya zo da kayan gida, ba mota, ba bindiga, ya shiga sahu kamar kowa. Mutumin ya ce ya ji.

Mamudu da Alfa da wasu 'yan'uwan Jummai biyu da suka iso daga Maikunkele ne suka ɗauki makarar. Suka ajiye ta a wajen masallaci ta gabas, ƙarƙashin taga, sai an idar da la'asar a sallace shi. Masallacin ya cika kamar kullum, don ba wanda za a ce ya yi laifi saboda ya zo la'asar. Abin da ba a sani ba shi ne wa zai tsaya bayan sallama. Kowa ya ajiye takalminsa kusa da ƙofa.

Mamudu ya samu sahun farko, daidai tagar. Mutumin da ke damansa ya ɗan ja jiki ya bar tazara, irin wadda ake bar wa Malam Ladan.

Suna raka'a ta ƙarshe ya ji mashin ya shigo layi. Ya ji ya rage gudu, ya tsaya a ƙofar masallaci, aka kashe injin. Aka taka tsakuwa, aka cire takalmi. Wani ya ratso sahu a hankali, ya zo ya cike tazarar da ke damansa, kafaɗa ta taɓa kafaɗa. Ɗan sanda ne cikin kayan gida, ko mai ƙyallen ne ya cire ƙyalle? Mai salla ba ya waiwaye. Mamudu ya ji gumi yana bin bayansa, karatun bakinsa ya tsaya cak.

Alfa ya yi kabbara, aka zauna tahiya.

Mamudu ya ɗora hannu a gwiwa, hannun da ya danne na Malam Ladan da shi. Ta wutsiyar ido ya ga hannun baƙon, ya ga na gaba da shi, da na gaba da wancan, maƙera da masu faci da mai shayi, har ƙarshen sahu. Kowa ya naɗe yatsu uku, ya kwantar da babban yatsa a kansu, ya miƙe manuniya wajen tagar da farin likkafani yake kwance a bayanta.

Ya naɗe nasa, ya ɗaga.